Siffofin Ingilishi na rashin sa'a da abin takaici

Ingilishi na da wasu siffofi da ƙamus kan ba su ma'ana kusan guda: unlucky, unfortunate, hapless, regrettable da deplorable. Abin da ya raba su shi ne ko akwai mai laifi, da kuma yadda mai magana yake son nuna shi.

Unlucky ita ce ta bakin kowa. Tushenta luck, wadda ta shigo Ingilishi daga harshen mutanen Holan a ƙarni na 15, kuma ba ta zargin kowa. Ɗan wasan da ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta dawo, shi ne unlucky.

Unfortunate kuwa fuska biyu gare ta. Asalinta Fortuna, allahiyar sa'a ta Romawa, don haka ana faɗinta ga wanda tsautsayi ya faɗa wa. Amma idan minista ya yi suɓul da baka, jarida ta kira maganarsa unfortunate, ba batun tsautsayi take yi ba. Cewa take ya yi katoɓara, sai dai ta lulluɓe zancen. Regrettable ma haka take, har ta fi: kalmar ofis ce, ta mai son ya nuna takaici ba tare da ya amsa laifi ba. Masu koyo kan rikita ta da regretful, alhali regretful ta mutumin da ke nadama ce, regrettable kuwa ta abin da ya faru.

Hapless ta fito daga hap, tsohuwar kalma mai nufin sa'a da aka aro daga harshen mutanen arewacin Turai na dā. Daga ita happy da happen suka fito. Galibi mutum ake siffantawa da ita, wanda kullum abu ke jagule masa, kuma tausayin da ke cikinta bai rasa ɗan raini ba.

Deplorable ba ta ɓoye komai. A Latin tushenta na nufin kuka mai tsanani, amma yau tir ce tsagwaronta. Da Hillary Clinton, mai takarar shugabancin Amurka a lokacin, ta kira rabin magoya bayan abokin hamayyarta Donald Trump deplorables a watan Satumba na 2016, zagi suka ɗauke ta, wasunsu ma suka buga kalmar a riguna suna yawo da ita.