Kafin ka wanke famfon feshi a kanal

Ranar nan da hantsi ina zagayen gonakin noman rani sai na tarar da wani saurayi ya durƙusa a bakin kanal yana ɗauraye famfon feshi. Ya gama fesa wa tumatirinsa maganin ƙwari, ya cika tankin da ruwa, ya jijjiga, ya juye a cikin kanal ɗin. Ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba nono, sannan ya bi. Bai fi taku ɗari biyu ba a ƙasa, wata yarinya na cika jarka, gefenta shanu sun sa baki. Na ce masa, "Samari, ka ga inda ruwan nan ya nufa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ruwa mai gudu ne, ba ya riƙe dauɗa."

Na sha jin wannan magana, har daga bakin dattawa. Gaskiya ne ruwa mai gudu ba ya ajiye abu a inda ka zuba shi. Kai wa na gaba yake yi. Ruwan da ke shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama a 1974. Abin da ya tsiyaye daga gonakinmu kogi yake komawa. Kogin Kano ya haɗu da na Challawa, su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil, ya kai Haɗeja da dausayin Nguru, ya wuce Gashuwa, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi. Duk tsawon hanyar nan akwai masunci, akwai makiyayi, akwai mai jego da ke wanke kwanon jariri.

Wasu za su ce ai akwai hukuma. Akwai kam. Tun 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ke kula da madatsun ruwa da manyan kanal-kanal, ita ke sakin ruwa. NAFDAC ce ke yi wa magungunan feshi rajista, NESREA kuma, wadda aka kafa a 2007, ita ke bin dokokin muhalli, haɗe da ma'aikatun muhalli na jihohi. Akwai abubuwan da su kaɗai za su iya, kamar tsawata wa masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa kan dagwalon da ke gangarowa kogi, kuma haƙƙinmu ne mu matsa musu ta hannun ƙungiyoyinmu na masu amfani da ruwa. Amma bututun masana'anta guda ne, ana iya zuwa a tsaya a kansa a ɗebi ruwa a auna. Mu kuwa dubbai ne, kowa da ɗan famfonsa da buhun takinsa. Babu hukumar da ke da ma'aikatan da za ta ajiye a bakin kowace gona.

To ga abin da ke hannunmu. Idan kwalbar magani ta ƙare, zuba mata ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, rufe, jijjiga sosai, ka juye a cikin tankin feshi. Yi haka sau uku. Ka ga maganin da ka saya da kuɗinka ya tafi gona ke nan. Daga nan ka huda kwalbar da wuƙa ko ƙusa. Wannan hudawar ita ce mutane suka fi jin nauyinta, don kwalbar tana da kyau, murfinta na kamawa. Na taɓa shiga wani gida na ga an zuba man gyaɗa a irinta, wata kuma an mai da ita butar yara. Ko an wanke da sabulu, roba na shan maganin. Famfon kansa a cikin gona ake wanke shi: ɗebo ruwa a bokiti, ka yi nesa da kanal da rijiya, ka fesa ruwan ɗaurayar a kan shukar da ka gama yi wa feshi. Kada a yi feshi ana iska, ko hadari ya haɗo. Maganin da babu lambar NAFDAC a jikinsa, ko wanda aka ɗura a kwalbar lemo ana sayarwa a kasuwa, a bar wa mai shi. Masu zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa don kama kifi kuwa, wannan ba kamun kifi ba ne, ɓarna ce, kuma kifin cikin mutane yake ƙarewa.

Taki ma yana da nasa. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa aka sako mata ruwa mai ƙarfi, wani kaso nata iska ke sha, wani ruwa ya tafi da shi. A binne ta kusa da gindin shuka, a raba ta sau biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya. Mai shinkafa ya rage ruwan fangali kafin ya zuba, ya toshe mafita na 'yan kwanaki. A bar ɗan zirin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa, ita ke tare laka da taki.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne rijiyoyin da ke cikin fadama. Sinadarin naitiret na taki yana nutsewa ya same su, ba launi, ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita guda ta ruwan sha. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓe ya yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ya fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. Don haka uwar da ta zo aikin gona da goyo ta taho da ruwan sha daga gida.

Sai kacala. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san yadda ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Babban dalilinta shi ne tun da aka yi Tiga da madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, wuraren da a da ke bushewa da rani sun koma ruwa kwance shekara duka. Laka da takin da ke gangarowa daga sama kuma abinci ne a gare ta. Inda ciyawa ta cushe kanal, nan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, wato cutar fitsarin jini, ke yaɗuwa. Yaron da ke wanka a kanal, idan aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti, akwai magani. Ranar gayyar yashe kanal kuma kowane gida ya turo mutum.

Saurayin nan dai na ba shi aron bokitina, ya yi ɗauraya ta biyu da ta uku a cikin tumatirinsa. Huda kwalbar maganin ce ya ce shi kam sai ya yi shawara.