Auna Fahimtar Jama'a Game da Gurɓatar Iska

Auna fahimtar jama'a game da gurɓatar iska fanni ne na binciken lafiyar al'umma da ke duba yadda mutane ke kallon hayaƙi da ƙurar da suke shaƙa, da cutar da suke jin za su iya jawo musu. Na'ura tana faɗin abin da ke cikin iska, amma fahimtar mai girki ce ke sa ta fitar da murhu tsakar gida ko ta bar shi a ɗaki.

Mafi yawan binciken da takardar tambayoyi ake yi, bisa ma'aunin matakai biyar da Rensis Likert na Amurka ya fito da shi a 1932, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic ya nuna cewa mutane sun fi tsoron haɗarin da ke baƙo gare su ko wanda ya fi ƙarfinsu, a kan wanda suka saba da shi. Ana gwama amsoshin da awon PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke cikin iska, waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba, suna kuma ratsawa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin waɗannan ƙwayoyi a shekara ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska.

A karkarar Kano da Jigawa, kalmar kanta ce matsalar farko. "Iska" na iya nufin aljani, don haka mai tambayar da ya ce wa dattijuwa "Baba, iskar gidan nan na cutar da ku?" zai iya samun amsar wata tambaya dabam. Gwanayen aikin sukan kira abin da sunansa: hayaƙin ice, kara ko kashin shanu, ƙonar sharar gona, hayaƙin injin niƙa, da hazon hunturu, wanda kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Inda karatun boko ya yi ƙaranci, akan ba mutum tsakuwa ko ƙwayar wake ya rarraba a kan hotuna gwargwadon abin da ya fi damunsa. Mata kuwa mace 'yar'uwarsu ake aika wa cikin gida, tunda su ne a bakin murhu, galibi da goyo a baya. Amsar maigida a zaure ba ta maye gurbin tasu.

Lokacin tambaya ma yana juya sakamako. Wanda aka tambaya a Gumel ko Ɗambatta cikin Janairu, hazo ya rufe gari, ƙura zai fara ambata. Hayaƙin girki, da ake shaƙa safe da yamma, sau da yawa ba a lissafa shi cuta sai dai a ce yana sa hawaye, tarin yaro ko ciwon haƙarƙari kuma a ɗora wa sanyi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Inda hanci ya fi yaudara shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, don haka mai amsa zai ce ɗakinsa lafiya lau, na'urar da aka rataya a bango kuwa tana nuna akasin haka.