Kwata da harajin gida a Nima da Maamobi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara da hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu, tambayoyin nan ake tare ni da su a ƙofar masallaci da bakin shago a Nima da Maamobi, unguwanninmu na Akra, Ghana. Na rubuta su wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Wa zai yashe kwatar ƙofar shagona?

Kai ne. Dokar tsaftar da ta fara aiki a yankin Akra a 2022 ta ɗora wa kowa share gaban gidansa da shagonsa. Kuma in ka yashe, kwashe dattin. Barinsa tsibi a bakin kwata aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi ciki.

AMA, majalisar birnin Akra, za mu kai wa kuka?

A'a. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso East, Maamobi kuma Ayawaso North. Ka fara da asambuliman ɗin da ka zaɓa, wato wakilin unguwarka a majalisa.

Na biya kuɗin lasisin shago, me ya sa aka sake kawo wata takarda?

Abu biyu ne. Lasisi na sana'arka ne. Harajin gida na ginin ne, kuma mai ginin doka ta sani. In haya kake, miƙa wa maigida takardarsa, sai dai in kun rubuta wata yarjejeniya tsakaninku.

To babbar kwatar Nima fa, ita ma mu ne?

Haba! Wa zai shiga wannan da shebur? Manyan magudanan da ke zuba a kogin Odaw har zuwa tafkin Korle aikin gwamnatin tsakiya ne, ta hannun ma'aikatar ayyuka da gidaje. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID na rage ambaliya a Akra, Nima na cikin unguwannin da ya shafa. Amma ledar ruwan sha da tsohuwar katifa da ake jefawa cikin dare, ba daga ma'aikata suka fito ba. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Wanda ya ga wannan rana bai kamata ya bar yaronsa ya juye shara a kwata don hadari ya taso ba.

Masallacinmu yana da shaguna a gaba, akwai makaranta a sama. Ai an yafe mana haraji ko?

Nan ne kwamitocin masallatai ke shiga uku, don haka a nutsu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta yafe harajin gida ga wuraren ibada, maƙabartu, asibitocin gwamnati, da makarantun gwamnati ko na sadaka. Amma akwai sharaɗi biyu a kan wurin ibada: ya kasance don ibada kaɗai aka keɓe shi, kuma an yi masa rajista a majalisa. Da yawa daga masallatanmu kakanni ne suka gina, babu wanda ya taɓa kai takarda ofis. Ka ga tun nan an fara samun matsala.

Shagunan kuwa, ko da kuɗin hayarsu na tafiya ne wajen biyan wuta da ruwan alwala da alherin ladani, kasuwanci ake yi a cikinsu. Mai yiwuwa a kimanta su daban a sa musu haraji, a bar ɗakin sallah. Mai yiwuwa kuma a rubuta ginin gaba ɗaya a matsayin mai amfani biyu. Ya danganta da yadda sashen kimanta gine-gine na Hukumar Filaye ya shigar da shi tun farko. Makarantar ma haka: ta allo da ba a karɓar komai sai kuɗin Laraba daban take da wadda iyaye ke biyan kuɗin zango. Shawarata ita ce liman da dattawa biyu su je da takardun fili, su nemi ganin yadda aka rubuta ginin, su yi rajista, sannan su nemi yafewar a rubuce. Kada a dogara da "an ce mana ba komai". Jami'in da ya faɗa da baki ana iya canza masa wurin aiki gobe, bashin kuwa yana nan yana taruwa da sunan masallaci.

Ni bazawara ce, ɗaki ɗaya na mayar kanti, ba ni da ƙarfin biya.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Dokar ta ba majalisa ikon ragewa ko yafewa saboda talauci. Ki sa a rubuta miki takardar roƙo, asambuliman ya raka ki. Kada dai ki ɓoye takardar harajin a ƙasan katifa.

In majalisa ba ta yashe kwata ba, sai mu daina biya?

Kada ku yi. Kotu za a kai ku, kwatar kuma tana nan a toshe. Kowace shekara majalisa tana zama da 'yan kasuwa kafin ta yanke kuɗaɗen shekara mai zuwa. Wannan zaman ne ba ku zuwa, sai an kawo takarda a fara hayaniya. Ku je da rasit ɗinku a hannu ku tambayi nawa aka ware wa yashe kwata a kasafin bana.

GRA, hukumar tara haraji ta ƙasa, ce ke karɓar harajin gida ko majalisa?

A 2023 aka ba GRA, daga baya aka mayar wa majalisu. Ka biya inda za a ba ka rasit mai sunan majalisarka, ka ajiye shi.