Shiga Sau Ɗaya ta Hanyar Kerberos

Shiga sau ɗaya tsari ne da ke ba ma'aikaci damar buɗe manhajojin cikin gida na wurin aikinsa, kamar na albashi ko na neman hutu, ba tare da an sake tambayarsa kalmar sirri ba bayan ya shiga kwamfutarsa. A ma'aikatun da Windows da Linux da Mac ke aiki tare, galibi Kerberos, wani tsarin tantance masu shiga kwamfuta, shi ne ginshiƙin abin. An ƙirƙire shi a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, Microsoft kuma ta ɗora tantancewar Active Directory, rajistarta ta ma'aikata da kwamfutoci, a kansa tun daga Windows 2000.

Kerberos da tikiti yake aiki, wato wata shaida ta cikin kwamfuta da ke tabbatar da ko wane ne mutum. Mutum na shiga kwamfutarsa, cibiyar raba makullai, wato babbar kwamfutar da ke tantance masu shiga, za ta ba shi tikitin farko, wanda a Active Directory yakan yi awa 10. In ya buɗe shafin cikin gida, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ta amsa da lamba 401 da kalmar Negotiate, alamar tana neman shaida, sai burauza ta sa kwamfutar ta karɓo tikitin wannan shafi, ta miƙa. Ma'aikacin bai ga komai ba, shafin kawai ya buɗe. Babban alfanun ma ya wuce sauƙi: kalmar sirri ba ta taɓa isa ga manhajar, don haka ko an kutsa cikinta ba za a tarar da ita ba.

Tsakanin Windows da Windows abin yakan tafi sumul. Wahalar tana wajen gauraye. Sabar Linux na buƙatar fayil ɗin keytab mai ɗauke da makullinta, wanda dole a killace shi sosai, sannan Firefox da Chrome sai an faɗa musu shafukan da aka amince da su. Agogo ma yana da muhimmanci: bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da cibiyar ya isa a ƙi tikiti. Haka in aka rubuta lambar IP, wato adireshin sabar na lambobi, maimakon sunan shafin, sau da yawa Windows kan koma wa tsohon tsarin tantancewa na NTLM shiru, kuma rauninsa sananne ne. Wannan abin sa ido ne, domin shafin zai buɗe kamar lafiya lau.

Wayoyi da kwamfutocin da ba sa cikin rajistar ma'aikata ba su cika samun tikiti ba. Saboda su ake haɗa Kerberos da wasu tsare-tsaren shiga sau ɗaya ta intanet, kamar SAML 2.0 na 2005 ko OpenID Connect na 2014.