Dokokin ilimi kyauta a makarantun gwamnati na Kano

Ilimi kyauta kuma dole tsari ne da gwamnatoci suka sha shelantawa a Kano, na soja da na farar hula, wasu dokokin daga tarayya suke zuwa wasu kuma jihar ce ta yi abinta. A takarda dai yaron Kano yana da haƙƙin karatu daga aji ɗaya na firamare har ya gama sakandare ba tare da an karɓi ko sisi ba.

Tarihi

A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, wato firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa fiye da yadda aka yi lissafi, aka dinga gina ajujuwa cikin gaggawa ana horas da malamai a gurguje, kuma a lokacin iyaye da yawa a cikin birni ba su yarda da boko ba, sai da masu unguwanni da dagatai suka sa baki, wasu ma ɓoye yaran suke yi. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, ya fito a manufar ilimi ta 1977 amma sai wajen 1982 aka fara aiki da shi. A tsakanin nan ne Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha a 1980, aikin da har UNESCO ta yaba, kuma gaskiya ya cancanci yabon don manya ne, 'yan kasuwa da matan aure, suka koyi karatu da rubutu.

A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin a Sakkwato da sunan UBE, wato ilimin matakin farko ga kowa, dokarsa ta fito a 2004. Ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta kafa UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta samun kasonta sai ta ajiye daidai da shi, nan ne kuɗin ke yawan maƙalewa. SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ita ce ke riƙe da firamare a jiha. Kwankwaso a zangonsa na farko ya kawo ciyar da ɗalibai da yunifom kyauta.

Hukuncin kotu

Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi maganar ilimi kyauta, sai dai yana babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Kotun ECOWAS a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar ta ce ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a kotu, hukuncin ƙarshe a 2010. A 2017 babbar kotun tarayya a Abuja ita ma ta ce tunda an yi dokar UBE to ya zama wajibi a kan gwamnati.

Shekarun baya-bayan nan

Ganduje ya shelanta ilimi kyauta kuma dole har sakandare a 2019, ya sa hannu a dokar a 2020. Hedimastoci suka daina karɓar kuɗin makaranta, amma alli da rajista da gyaran rufin kwano duk kuɗi suke ci, kuma a makarantu da dama a birni za ka tarar da aji cike maƙil yara na zaune a ƙasa. A Yunin 2024 Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Almajirai

Gwamnatin Kano ta hana almajirai bara a titi a 2020, malaman tsangaya da dama ba su amince ba, har yanzu ana jayayya a kai.