Ma'anar "jan ƙafa", da ɗakin Inna da ya shekara uku a rufe

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo da safe a Sakkwato, ka kai ƙarshen shirin siyasa ba ka ji an ce wani yana jan ƙafa ba. Ɗan kwangila yana jan ƙafa, kwamiti yana jan ƙafa, ma'aikata na kukan ana jan ƙafa wajen biyan haƙƙinsu. Kowa ya san jinkiri ake nufi. Abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye kalmar, da inda aka hana ta zuwa.

A dubi hoton da ke cikinta. Yaro ne aka ce ya tafi makarantar allo, ya ɗauki allonsa, ya fita zaure, yana tafe yana sharar ƙasa da silifa. Ya riga ya miƙe, ya kama hanya, ya san inda za shi, wani abu ne dai ya yi wa ƙafarsa nauyi. To wanda ya karɓi kuɗin aiki ya zuba aljihu, ba shi da niyyar aza ko bulo ɗaya, yaushe ya miƙe har da za a ce yana jan ƙafa? Wannan ƙi ya yi. Hausa ba ta rasa sunan halinsa ba: ya yi biris, ya yi ƙememe, ya yi kunnen uwar shegu. Duk lokacin da mai gabatar da shiri ya ce irin wannan mutum yana jan ƙafa, ya yi masa shaidar kyakkyawar niyya, alhali bai cancance ta ba.

A cikin gida kuwa sai abin ya juye. Mace ta yi wata shida tana cewa za ta kwashe tarkacen da ke ƙuryar ɗaki ba ta kwashe ba, ba wanda zai ce tana jan ƙafa. Malalaciya za a ce, ko mai ƙyuya, ko mai son jiki. Ita da kalmar ta fi dacewa da ita, ita aka hana.

Waɗannan abubuwa ba ɗaya ba ne. A addu'ar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga "ajzu" da "kasal", ya ambaci kowanne da sunansa. Malamai suka ce na farko rashin iyawa ne, na biyu kuwa barin abu alhali ana iyawa. Daga "kasal" ɗin nan muka sami kasala, ko da yake a bakinmu ta fi karkata ga mutuwar jiki, irin wadda ke kama mutum da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Akwai kuma abu na uku da ake ji a zaurukan karatu, taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "zan yi nan gaba". Shi ne ɗan'uwan jan ƙafa na jini. Alamar da nake rarrabe su da ita mai sauƙi ce. Mai ƙyuya barcinsa yake sha, aikin bai dame shi ba. Mai jan ƙafa da aikin yake kwana, da shi yake tashi, kuma duk ranar da ta faɗi bai yi ba, nauyin ƙaruwa yake.

Na san wannan ne daga ɗakin mahaifiyata. Bayan rasuwar Inna aka ja ƙofar ɗakinta a gidanmu na Mabera, aka sa kwaɗo, mabuɗin ya dawo hannuna don ni ce babba a mata. Shekara uku yana cikin jakata. Na san abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da langa da samira tun na aurenta, fanteka, adaka biyu cike da zannuwa, tsohuwar rediyon da ta daina magana tun tana raye, fitilar ƙwai, da buhu guda na ledoji da ta ninke ta adana. A shekarun nan uku ban fasa zuwa wurin aiki ba, ban fasa girki ba, tsakar gida kuwa safe da yamma sai na share ta. Ranar da na ce yau zan buɗe ɗakin, ranar ce zan tuna labule na son wanki, ko randa na son a ɗauraye ta. Sai in yi aikin awa huɗu don kada in yi na awa ɗaya. Da bazara in ce a bari zafi ya sauka, da damina in ce kaya za su jiƙe in an fitar, da hunturu in ce ƙura za ta tayar mini da mura. Kuma kowane uzuri akwai gaskiya a cikinsa, shi ya sa yake kama zuciya.

Yayana ya ce lalaci ne. Gwaggo ce ta tare shi, tana zaune bisa tabarma tana jan tasbaha. Ta ce, "Kai dai yi kurum. Wagga ba ƙiwuya ta ba. Ɗakin na ka yi mata nauyi." Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗiyata, mi kika tsoro ciki?" Ban iya ba ta amsa ba, amma na san amsar. Ina tsoron ƙamshin turarenta a jikin zannuwan, ina kuma tsoron a ce ni ce na fitar da kayan uwata waje.

Daga baya na tarar masana halayyar ɗan Adam sun isa inda Gwaggo ta isa. A 2013 wasu masana biyu a Kanada, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, suka yi bayanin cewa mai ɗage aiki yana gudun wani ɗaci ne da aikin ke tayar masa, ko tsoro, ko kunya, ko baƙin ciki, ko ruɗewar rashin sanin ta inda za a fara. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sanyi a ransa nan take, wannan sanyin kuma shi ke koya masa ya sake faɗi gobe. Don haka zagi ba ya warkar da shi. In ka kira mace malalaciya a kan ɗakin da take jin kunyarsa, kunyar ka ƙara mata, ita ce kuma ta hana ta buɗe ƙofar tun farko. Ina ganin ba ƙaramin zalunci ake yi wa mata da wannan kalma ta lalaci ba, musamman a gidajen da namiji ke da nasa tulin tsoffin tayoyi da mataccen janareta a zaure, ba mai ce masa uffan.

Kwashe tarkace kuma ya fi sauran ayyukan gida jawo jan ƙafa, domin shara da wanki hannu ne ke yin su, wannan kuwa kowane abu ka ɗaga sai ka yanke masa hukunci. A ajiye, a bayar, a sayar, ko a zubar? Hukunci ɗari biyu a ɗaki ɗaya. Ga karin maganar da muka tashi da ita, ajiya maganin wata rana, kuma ba ƙarya ba ce. Iyayenmu sun ga fari da yunwar shekarun 1973 da 1974, wanda ya ga wannan ba ya zubar da gwangwani cikin sauƙi. Jeren kwanon mace ma dukiyarta ce, in ta shiga matsi shi take ɗagawa ta sayar. Sai dai ajiya tana da sharaɗi, a san abin da aka ajiye, a kuma iya kai hannu gare shi ranar buƙata. Abin da gara ke ci a ƙarƙashin gado ya tashi daga ajiya ya koma shirgi, maɓoyar ɓera da kunama da sauro.

Akwai wani gwaji da ke zo mini a rai duk lokacin da na ga ana ciniki da ɗan gwangwan. An wallafa shi a 1990, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka yi shi da ɗaliban jami'ar Cornell a Amurka. Aka raba wa wasu kofin shayi, wasu ba a ba su ba, aka ce a yi ciniki. Waɗanda kofin ya shiga hannunsu 'yan mintoci da suka wuce sai suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofin da ba na gado ba ke nan, ba na aure ba. Ina ga langar da uwarka ta zuba maka tuwo a ciki shekara ashirin? Ɗan gwangwan zai aza ta a sikeli ya faɗi kuɗin ƙarfe, kai kuma ka ji kamar ya zage ka, ka mayar da ita ɗaki ta ƙara shekara.

Wani jinkirin dai yana da hujja, kuma bai kamata a haɗa shi da jan ƙafa ba. Kayan mamaci gado ne, har zanen da ya tsufa. Ba ni da ikon in ba maƙwabciya ko ɗankwali sai da yardar sauran magada. Amma hujjar nan kira take yi a tara magada a raba, ba ta ba da izinin a rufe ɗaki shekara uku ba. Ni na fake da ita. Haka na fake da "in sha Allahu", wadda Suratul Kahfi ta koyar a faɗa a kan abin da mutum ya ƙudurta zai yi gobe, ni kuwa ina faɗinta a kan abin da ban sa wa rana ba.

Sa ranar kuwa ita ta kawo ƙarshen abin. Mu Hausawa mun san ƙarfinta, magana tana iya shekara ana jan ta, amma da an sa ranar biki kowa sai ya miƙe. Gwaggo ta ce Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kuma ta aika wa ƙannena mata biyu da Yaya cewa su zo. Da aka buɗe ta hana a taɓa adaka. Ta ce a fara da abin da ba mai yi wa kuka, buhun ledoji, fasassun robobi, takalman da suka rabu da 'yan'uwansu. Kafin hantsi rabin ɗakin ya fito fili, kuma hukuncin da na ɗauka a kaina ni kaɗai ya rabu gida biyar. Asabar ta biyu aka yi kwanoni, kowa ya ɗauki rabonsa, aka kira ɗan gwangwan ya auna gadon ƙarfen da tsatsa ta cinye wa ƙafa.

Adaka ita ce ta ƙarshe. Ta sama lafiya lau, zannuwan suka shiga rabo, muka yarda a ba mata uku da ke yi wa Inna hidima nasu kafin ƙaramar Sallah. Ta ƙasa kuwa, wadda ke jingine da bango, gara ta shige ta ta baya. Atamfofi goma sha ɗaya, wasu ko ɗinka su ba a yi ba, muna ɗagawa suna zubewa. Da a shekarar farko aka buɗe, da yanzu suna jikin mutane.