Tutar Najeriya in ta tsufa ta yage, ya ake yi da ita?

Wai tsohuwar tuta ma har wani aiki ce?

Aiki ce mana. Ka ɗaga kai ka duba ƙofar makarantu da ƙananan ofisoshi daga Agege zuwa Idi-Araba, za ka ga tutar da korenta ya koɗe, farin ya koma ruwan ƙasa saboda hayaƙin janareto da na motocin haya na danfo, ga ruwan saman Legas da ba ya ɗaga ƙafa, bakin ya zare yana reto kamar tsumman goge mota. Kuma akwai dokar tuta da tambarin ƙasa wadda ta ce laifi ne a kafa tutar Najeriya tana yage ko ta lalace. Yawancin masu wurin ba raini ba ne fa, kawai ba wanda aka ɗora wa alhakin sauke ta.

To samari me za su yi?

Ku haɗu ko 'yan agaji ne ko 'yan sikawut ko masu bautar ƙasa, ku bi makarantu da sakatariya da kasuwa. Amma kar ku je hannu rabbana, ku tafi da sabuwa, in ba haka ba hedimasta zai ce ku bar masa abarsa kuma yana da gaskiya. Telan unguwa zai ɗinka, kore fari kore a tsaye, faɗinsu ɗaya, tsawon tutar ya ninka faɗinta. In an sauke tsohuwar kar ta taɓa ƙasa, a naɗe ta.

Yaya, da gaske ƙonawa ake yi?

A Amurka haka dokar tutarsu ta ce, a lalata ta cikin mutunci, an fi son ƙonawa, kuma 'yan sikawut da tsoffin sojoji ne suka fi yi, musamman ranar 14 ga Yuni, ranar tutarsu. To amma nan Legas ne, dole mu yi hankali, mutum ɗaya zai ɗauki bidiyo da waya ya sa a Facebook ya rubuta cewa 'yan Arewa na ƙona tuta, kafin ku yi bayani magana ta riga ta zaga gari. Don haka kar ku kunna ko ashana sai kun rubuta wa ofishin NOA na ƙaramar hukumarku, su ne masu wayar da kai kan alamomin ƙasa, ku sanar da DPO da Sarkin Hausawa da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, a yi da rana a gaban kowa. Ni dai a ganina gara ku tattara ku miƙa wa hukuma ta ƙarasa. Ga kuma yadin yanzu roba ne, narkewa yake, hayaƙinsa ba ya da kyau ga ƙirji.

Ba bautar ƙyalle ba ce wannan?

A'a, ba ruku'u ba sujada, ladabi ne ga alamar ƙasa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Me za a faɗa wa yara a wurin?

A gaya musu Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959 yana ɗalibi a Landan, zanensa na farko ma da jar rana a tsakiya aka cire. Kore noma, fari zaman lafiya. Kuma a nan Legas aka ɗaga ta ranar samun 'yanci, 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa wanda yanzu shi ne dandalin Tafawa Balewa kusa da Obalende, in da kuɗin mota a kai su su gani.